Cigiya Daban, Kururuwa Daban

Saƙon ya faɗo zauren danginmu na WhatsApp tsakanin magariba da lisha. Muryar mace ce, tana haki kamar wadda ta sha gudu. Bayan sallama ta ce jama'a a yi hattara, wasu mutane sun shigo gari a mota mai baƙin gilashi, da wata mace mai niƙabi a cikinsu, suna raba wa yara alewa da dabino a bakin makarantun Islamiyya. Yaron da ya karɓa ya ci, sai ya bi su kamar raƙumi da akala. Ta ce an riga an kwashe bakwai. Ta rufe da magiya: don girman Allah duk wanda ya ji ya tura wa wani, kada ya bari ya kwana a wayarsa.

Ba ta faɗi sunanta ba. Ba ta faɗi unguwa ba, balle sunan makarantar, balle na yaro ko ɗaya cikin bakwai ɗin. "Gari" kawai ta ce, kuma kowa da nasa garin. Gwaggona ce ta turo shi, kafin a tayar da sallar lisha ya sake iske ni ta zaure biyu, na tsofaffin 'yan ajinmu da na masallacin unguwa. Na rubuta a ƙasan na Gwaggo cewa a wace unguwa abin ya faru. Ba ta tsaya rubutu ba, kira ta yi.

"Kai ɗan nan ka cika boko. Sai an ɗauke naka sannan za ka tambayi unguwa?"

Na ce, "Gwaggo, Allah ya huci zuciyarki, so nake in san inda za a kiyaye."

"Ko'ina za a kiyaye. In ƙarya ce me ka rasa? In gaskiya ce fa?"

Tun daren nan nake juya maganarta. Na fara da ganin ta tsufa ce kawai da tsoro, daga baya na gane hujja ce mai ƙafa, kuma duk wanda zai yi jayayya da ita a Kontagora sai ya shirya.

Mutumin da ke zaune a garin da ba a taɓa ɗaukar yara ba yana iya yi wa irin wannan saƙo dariya. Mu ba mu da wannan sukunin. A ranar 17 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar kimiyya ta Kagara suka tafi da mutum 42, ɗalibai 27 a ciki. Ba a gama jimamin wannan ba, ranar 30 ga Mayu suka dira Tegina da rana tsaka, suka kora yara sama da 130 daga Islamiyyar Salihu Tanko, wasu ko tsarki ba su iya yi wa kansu ba. Kusan wata uku suka yi a daji, kuma ba duka suka dawo da rai ba. Tegina kuwa ba wata uwa duniya ba ce, hanyarmu ce ta zuwa Minna. A watan Nuwamba na 2025 aka shiga makarantar St Mary's ta Papiri a ƙaramar hukumar Agwara, makarantar da ke ƙarƙashin cocin Katolika na Kontagora, aka kwashi ɗaruruwan yara da malamansu, kwana huɗu bayan an ɗauke 'yan mata 25 a Maga ta jihar Kebbi. Uwar da ta ga wannan duka, in ta ji an ce mota mai baƙin gilashi ta tsaya a bakin Islamiyya, ba wauta ce ke sa hannunta rawa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Sannan waya ta ceci rayuka a ƙasar nan, wannan ba abin musu ba ne. Ka tambayi mutanen ƙauyukan Mariga, da Rijau, da Magama, da Mashegu da suka taɓa kwana a Kontagora da tabarma a ka. Da yawansu kiran waya ne ya tashe su: sun fito, sun tsallaka titi a wuri kaza, babura kaza ne, sun nufi yamma. Direba a tasha ba ya tayar da mota sai ya kira na gaba ya ji ko hanya ta yi kyau. A wurin da hukuma ke isowa bayan ƙura ta lafa, jama'a sun koyi zama idon juna. Kunne ya ji, jiki ya tsira. Wanda ya saba tsira da saƙon waya, da wuya ka ce masa ya riƙa tankaɗe saƙo kafin ya tura.

Akwai kuma hujjar da ta fi waɗannan ciwo, ita ce sau nawa aka ce wa talaka jita-jita yake yi, daga baya maganarsa ta tabbata. Iyaye a unguwannin Kano irin su Hotoro da Sauna da Yankaba sun daɗe suna kukan ɓacewar 'ya'yansu kafin Oktoban 2019, lokacin da 'yan sanda suka dawo da yara tara daga Onica ta jihar Anambra, an sayar da su, an sauya musu suna, wasu Hausar ma ta kuɓuce musu. A Yulin 2021 babbar kotun Kano ta yanke wa jagoran masu satar, Paul Owne, ɗaurin shekara 104. Satar yara don sayarwa ba tatsuniya ba ce. A Papiri ma, bayan abin ya faru, gwamnatin jiha ta ce ta samu bayanan sirri tun kafin nan har ta ba da umarnin rufe makarantun kwana na yankin, shi kuwa Bishop Bulus Dauwa Yohanna na cocin Katolika na Kontagora ya ce babu takardar da ta iso musu. Ko wane ne mai gaskiya a cikinsu, abu ɗaya ya fito fili: gargaɗin hukuma yana iya maƙalewa a hanya, na WhatsApp kuwa ba ya maƙalewa. To don me Gwaggo za ta jira sanarwar gwamnati?

Har nan ina tare da ita. Inda muka rabu shi ne tambayarta ta farko, in ƙarya ce me ka rasa. Ita a lissafinta asarar ba ta wuce data ta 'yan nairori ba. Ni kuwa ina ganin ana rasa abubuwa masu yawa, sai dai ba wanda ya tura ne ke biya ba, shi ya sa ba ya jin nauyin.

Bari in ɗan koma baya, don tsoron ɓarawon mutane ya girmi waya a wannan ƙasa. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, shi ya kafa Kontagora a wajajen 1864, kuma zamaninsa da na ɗansa Ibrahim zamani ne na hare-haren kamun bayi a ƙasashen Kambari da Gwari da Kamuku da maƙwabtansu, har Turawan Ingila suka ci garin a farkon 1901. Jikokin waɗanda suka kama da na waɗanda aka kama yau kasuwa ɗaya suke ci, suna auratayya, amma labarin mahayan da ke fitowa daga daji su tafi da yaro bai bar bakin kakanni ba. Mu ma da muka taso an tsorata mu da 'yan yankan kai da 'yan shan jini, an ce kada ka tsinci kuɗi a hanya ka rikiɗe ka zama doya. Bambancin shi ne jita-jitar wancan lokaci da ƙafa take tafiya, kuma tana da fuska. Wanda ya kawo ta majalisa za a dube shi a ce, wa ya faɗa maka? In an san shi da shaci-faɗi, a nan za ta mutu. Ta yau ba ta da fuska, aro take yi. Ni ban san matar da ke haki a cikin saƙon ba, amma na san Gwaggo, ban taɓa kama ta da ƙarya ba. Amanar da ke tsakanina da ita ce saƙon ya hau ya iso ni, kamar yadda ya hau amanar wadda ta turo mata.

Kuma an ƙera irin wannan saƙo, ko da gangan ko ba da gangan ba, yadda zai yi nisa. Murya ce, ba rubutu ba, don haka wadda ba ta yi boko ba ma ta samu, kuma murya mai rawa tana shiga zuciya inda rubutu ba ya kaiwa. Ba shi da sunan gari, don haka ya dace da Kontagora, ya dace da Zuru, ya dace da Funtuwa. Ba shi da kwanan wata, don haka ba ya tsufa. Wanda ya zaga bara zai dawo bana a ce jiya ne. Sannan ya haɗa ka da Allah, ya ɗora maka alhakin duk yaron da za a sace in ka ƙi turawa. Kamfanin WhatsApp ya yi ƙoƙarin rage gudun irinsa: tun Janairun 2019 ba ka iya tura saƙo ɗaya wuri fiye da biyar a lokaci guda, a Afrilun 2020 kuma aka mayar da wanda ya sha yawo zuwa wuri ɗaya tak. Amma zaure ɗaya yana ɗaukar ɗaruruwan mutane, kuma a rumfar mai cajin waya ana zuba wa mutum bidiyo da murya ta Xender ba tare da intanet ba. Daga can wani mai shafin Facebook da ke farautar mabiya ya ɗauka, ya liƙa masa hoton yara a bayan mota wanda aka ɗauka a wata ƙasa shekarun baya, ya rubuta "Yanzu-yanzu". Masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun bi diddigin labarai kusan 126,000 a Twitter, suka wallafa a 2018 cewa gaskiya tana ɗaukar ninki shida na lokacin da ƙarya ke ɗauka kafin ta kai ga mutum 1,500, kuma mutane ne ke tura ta da hannunsu, ba na'ura ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Gaskiya sau da yawa lami ce: yaron ya ɓata hanya, an same shi gidan kakarsa. Wa zai tura wannan?

In muka koma ga abin da ake rasawa, asara ta farko jini ce. Saƙon da ya ce a kula da baƙo bai tsaya a kula ba, yana ɗora wa jama'a ido na zargi, kuma zargi a cikin taro ba ya jiran alƙali. A ƙarshen Maris na 2025, ana shirin ƙaramar Sallah, mafarauta 'yan Arewa suka taso daga jihar Ribas za su gida Kano. A Uromi ta jihar Edo 'yan banga suka tare motar, suka ga bindigogin farauta, aka yi kururuwar masu garkuwa da mutane ne. Mutum 16 aka kashe, aka cinna musu wuta. Mutanen Uromi su ma sun sha wahalar masu garkuwa, su ma wayoyinsu cike suke da gargaɗi, su ma cewa suke rigakafi ya fi magani. Duk hujjar da Gwaggo ta kawo mini, wani a Uromi zai iya kawo ta kalma da kalma. Abin da muke mantawa shi ne mu mutane ne masu tafiya: ɗan Kontagora yana Legas yana acaba, yana Ibadan yana sayar da albasa, yana kudu yana haƙar rijiya. A can shi ne baƙon da saƙon ke nufi.

Indiya ta ga irin wannan a 2017 da 2018. Bidiyon da ya fi tayar da hankali a can yana nuna mutum biyu a kan babur sun sure yaro a titi. Asalinsa tallan wayar da kai ne da aka shirya a Karachi ta Pakistan, a ƙarshensa ana dawo da yaron a ɗaga allon gargaɗi ga iyaye. Wani ya yanke ƙarshen ya saki sauran. A ranar 1 ga Yuli 2018, a ƙauyen Rainpada na jihar Maharashtra, taro ya kashe mutum biyar, matafiya masu bara, bayan an ga ɗayansu yana yi wa wata yarinya magana. A nan gida, ƙungiyar Amnesty ta ƙirga aƙalla mutum 555 da hukuncin taro ya rutsa da su tsakanin Janairun 2012 da Agustan 2023. Ka duba su wa ake kamawa in an yi ihun ɓarawon yara: mai taɓin hankali da ba ta iya ba da amsa, kurma, baƙon da harshensa ya bambanta, Bafulatanin da ya shigo kasuwa, mace mai niƙabi. Wanda ba shi da mai tsaya masa.

Na ga ƙaramin samfurinsa da idona a tasha, sati guda bayan saƙon Gwaggo. Wani saurayi ne ya sauko daga motar ƙauye riƙe da yaro ɗan shekara uku, yaron yana tsala kuka yana fizge-fizge yana kiran inna. Wata mai sayar da awara ta ce, "Malam, ɗan wa ye wannan?" Saurayin ya amsa da Hausar da ba ta nuna ba, da alama Bakambare ne. Kafin ka ce kwabo an zagaye shi. Wani ya riƙe masa wuyan riga, wani ya fizge yaron, wasu samari uku sun ɗaga waya suna ɗauka. Na ji wani daga baya, wanda ko ganin fuskarsa bai yi ba, yana cewa ai su ne, jiya ma bakwai suka ɗauka. Allah ya taimake shi wani dattijo ɗan kamasho ya kutsa ya ce, "Kai, ku sake shi, na san ubansa, ɗan yayarsa ne, asibiti aka kwantar da ita." Taron ya watse kamar ba a yi ba, babu wanda ya ce masa yi haƙuri. Ya tsuguna yana kakkaɓe wa yaron ƙura, hannunsa na karkarwa. Bidiyon ukun nan kuwa, babu wanda ya ga an goge su.

Asara ta biyu ba ta da ƙara, amma a wurina ta fi girma. Saƙon ƙarya yana zana wa ɓarawo fuskar da ba tasa ba. Yana koya mana mu sa ido a kan baƙin gilashi, alhali mai fataucin mutane na gaske da sallama yake shigowa, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa ruwa. Hanifa Abubakar, 'yar shekara biyar da aka ɗauke a Kano a Disambar 2021, ba baƙo ne ya ɗauke ta ba. Mai makarantarsu ne, Abdulmalik Tanko, wanda ta sani ta yarda da shi, kotu kuma ta yanke masa hukuncin kisa a Yulin 2022. Su ma 'yan bindigar daji ba sa shiga gari sai da infoma. Da ɗan gari akan ci gari.

Safarar da ta fi cin 'ya'yanmu ma ba ta kama da sata ko kaɗan. Wata Hajiya ce da aka sani, ko 'yar garin da ta yi aure a birni, za ta zo ƙauye bayan girbi da turmin atamfa da sabulu. Za ta ce akwai gidan mutunci a Abuja ko Minna ko Legas da ke neman yarinya mai wanke-wanke, za a riƙa aiko da kuɗin wata, a tara mata kayan ɗaki. Uwa ta duba rumbu, ta duba shekarun yarinya, ta amince. Kuɗin yana biyowa ta hannun Hajiya, ita ta san nawa ta cire. Yarinyar ba ta da waya, ba ta san sunan unguwar da take ba, in an doke ta ko maigidan ya taɓa ta babu wanda za ta faɗa wa. Wata kuma biza ce za a yi mata ta aikin gida a Saudiyya ko wata ƙasar Larabawa, ta isa a karɓe fasfo a ce sai ta biya bashin tafiya. Samari a yi musu romon baka da aikin Libiya ta hanyar Agadas. A Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, 52 yara ne, 33 mata, yawancinsu daga yankin Kance na jihar Damagaram. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Babu wanda ya ba su alewa. Da yardar gida suka hau, Hausawa ne irinmu, talauci ya kora su neman sadaka a wata ƙasa. Tun 2003 Nijeriya ke da hukumar NAPTIP da aka kafa don yaƙi da wannan fatauci, amma a zaurukan da nake ciki ban taɓa ganin an turo gargaɗi a kan Hajiya mai kai 'yan aiki ba. Ta ya za a turo? Ƙila tana cikin zauren.

Ina zargin shi ya sa labarin baƙin gilashi ke mana daɗi, duk da tsoron da ke cikinsa. Yana fitar da laifin daga gida ya kai shi bakin titi. Ba ya tambayarmu yaron da muka tura almajiranci gari mai nisa wa ke ganin kwanansa, ko yarinyar da ke talla har goma na dare wa ke rako ta.

Sai asara ta uku, gajiyar kunne da ɓata ƙarfin masu aiki. A Yulin 2020 aka yaɗa a Amurka cewa kamfanin Wayfair mai sayar da kayan ɗaki yana sayar da yara a ɓoye, wai kabad masu tsada da aka sa wa sunayen mata yara ne da suka ɓace. Babu ƙamshin gaskiya a ciki, amma ƙungiyar Polaris mai kula da layin kiran agaji na masu fuskantar fatauci ta ce yawan kiran da aka yi ta yi a kan maganar ya hana ta sauraron masu buƙata ta gaske. A Oktoban 2017 jita-jitar cewa sojoji na yi wa ɗalibai allurar ƙyandar biri ta sa iyaye a jihohin kudu maso gabas suka fasa makarantu suna kwashe 'ya'yansu. Mu da 'yan sandanmu ba su kai ko'ina ba, kowace fita bin ƙanzon kurege man mota ne da ba zai dawo ba. Kuma ranar da gargaɗin gaske zai zo, mai suna da wuri, zai tarar da kunnuwan da suka ji "yanzu-yanzu" sau hamsin.

Da na kawo nan, wani abokina malamin makaranta ya ce to a kama masu yaɗawa mana, ai akwai doka. Akwai kam, sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024. Amma a nan na koma bayan Gwaggo. An ga yadda aka yi ta jan 'yan jarida da masu sukar gwamnati da wannan sashe. A jiharmu ma, a 2025 Gwamna Umaru Bago ya ba da umarnin rufe gidan rediyon Badeggi da ke Minna bisa zargin tunzura jama'a, har ƙungiyoyin 'yan jarida suka yi ca. In aka ce duk wanda ya faɗi abin da bai tabbata ba zai kwana a caji ofis, wanda zai fara yin shiru shi ne manomin da ya hango babura a bakin daji. Shi ma bai tabbatar ba, hangowa ya yi. Sandar da aka ɗauko don mai ƙarya, a ƙasar nan, kan mai gaskiya ta fi sauka. Kuma tsohuwar da ta tura saƙo don tana tsoron a ɗauke mata jika ba mai laifi ba ce da za a kai kotu.

Abin da ya raba mini gardamar tsohon abu ne da muka gada, wato cigiya. Bahaushe ya san ɓatan yaro tun kafin rediyo, kuma ya san yadda ake shelarsa. Sankira ko mai shela zai zaga, daga baya lasifikar masallaci da gidan rediyo suka karɓa: ana cigiyar yaro mai suna kaza, ɗan shekara kaza, sanye da riga kala kaza, ya fita tun hantsi daga unguwa kaza, wanda ya gan shi ya kai shi gidan mai unguwa ko gidan wane. Cigiya tana da suna, tana da lokaci, tana da ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Tana da uba, in ƙarya ce an san wanda za a kama. Kuma tana da ƙarshe, don in an ga yaron akan dawo a ce alhamdu lillahi an same shi. Kiran da ke tashin ƙauye kafin 'yan bindiga su iso shi ma haka yake: wane ne ya kira, daga wuri kaza, yanzu, kuma kana iya kiransa ka sake tambaya. Saƙon matar mai haki ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan. Cigiya tana sa ka nemi wani yaro. Kururuwa tana sa ka nemi wanda za ka doka. Malamai sun sha karanta mana ayar Suratul Hujurati da ta yi umarni da bin diddigin labari kafin a afka wa mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama, sai dai mun fi tuna ta a wa'azi fiye da lokacin da yatsa ke kan waya.

Na kai wa Gwaggo wannan bayani har gida, bayan na gaishe ta na ajiye mata goro. Ta saurara, ta ce duk ta ji, amma ita ba za ta iya riƙe irin wannan magana a cikinta ba, in wani abu ya faru da me za ta fuskanci Allah? Na ce to ta yi mini alfarma ɗaya, kafin ta tura ta kira wadda ta turo mata ta tambaye ta a ina ta ji. Ta yi hakan a gabana, don ta kunyata ni. Wadda ta turo ta ce ita ma a zauren 'yan adashinsu ta gani. Aka kira uwar adashin, ta ce ƙanwarta ce ta turo daga Kaduna, kuma ita ta ɗauka a Kaduna abin ya faru. Gwaggo ta yi shiru, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ce, "To ai Kadunan ma 'ya'yan mutane ne." Ban ce komai ba. Na dai lura tun daga ranar ta rage turowa zaure, sai dai ta tura wa 'ya'yanta mata su kaɗai, ta ƙara da muryarta cewa ba ta tabbatar ba amma a kula.

Bayan Sallah na koma tashar nan raka baƙo. A motar Abuja na ga wata mata mai zoben gwal da babbar jaka, ta biya kuɗin kujeru biyu ta cusa 'yan mata huɗu a ciki, babbarsu ba ta wuce sha uku ba. Hijabansu sababbi ne iri ɗaya, ko karin guga bai baje ba, kowace da ƙullin kayanta a leda. Wata uwa ta tsaya jikin taga tana ce wa tata ta yi biyayya, ta riƙe sallah, kada ta ba ta kunya a gidan mutane. Mai awarar nan tana wurinta, ita ta sayar musu da ta ɗari biyu. Ɗan kamasho ya buga bayan mota, direba ya ja. Babu wanda ya tambayi 'ya'yan wa ye, babu wanda ya ɗaga waya. Ni ma tawa tana aljihu.